Wane sabulu zan riƙa wanke mota da shi kada fenti ya ƙara dusashewa?

Assalamu alaikum. Corolla ce baƙa, ban daɗe da sake mata fenti ba, amma tun shigowar hunturu ta daina ƙyalli. Da omon wanki nake wanke ta, sai na lura rufin da bonet sun yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Na koma sabulun ruwa na wanke-wanke, shi kuma ya cinye folish ɗin da na shafa, yanzu ruwa ba ya taruwa ɗigo-ɗigo a jikinta, shimfiɗewa kawai yake yi.

Na kai ta wajen masu wankin mota a unguwarmu, tsumma ɗaya suka goge taya da jiki da shi. Idan rana ta haska sai ka ga ƙananan zane a zagaye, abin takaici. Ruwan burtsatsenmu ma yana barin farin tabo in ya bushe, ko da a inuwa na wanke.

Na leƙa Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, kowane mai shago cewa yake nasa ne na asali. Na ji an ce a nemi mai pH 7, wato lambar ma'aunin kaifi da ke nuna sabulun ba shi da kaifi. Don Allah, wane sabulun mota mara kaifi kuka gwada a kan baƙin fenti a nan Kano bai ci folish ba?