Tsuntsun da na gani a Sakumono, shi ne ko ba shi ba ne?

Ɗan Maamobi:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar bayan sallar asuba ni da ƙanena muka tashi daga Maamobi, muka hau trotro zuwa tafkin Sakumono da ke kan hanyar Tema ta bakin teku. Wani abokina mai gadi a wajen ne ya ce ya ga tsuntsun nan baƙi da fari wanda bakinsa ya lanƙwashe sama, wanda Turawa ke kira abosit. Shekara biyu ina nemansa.

Mun isa wajen ƙarfe shida da rabi, hazo ya rufe ko'ina. Madubin hangen nesan da na ara, ido ɗaya ya yi gajimare. Na shiga laka har idon sawu, silifas ɗina na hagu yana can har yanzu. Balbela da zalɓe kam ba a magana. Can nesa sai ga wasu guda biyar, baƙi da fari, ƙafafu dogaye kamar tsinken tsire. Kafin in ga bakin da kyau wani yaro ya jefa ma kare dutse, duk suka tashi. Ƙanena ya rantse shi ne. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah wa ya san yadda ake rabewa?

Malam na Sabon Zango:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙafar wane launi ce? Nan maganar take. In ja-ja ce, kuma da suka tashi ta miƙe can bayan wutsiya, to ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne mai miƙaƙƙen baki kamar allura, wanda ya cika Sakumono. Wanda kake nema ƙafarsa toka-toka ce mai ɗan shuɗi, jikinsa fari ya fi yawa, da baƙar hula a ka. Kuma ko daga nesa cinsa yana tona shi: yakan sa baki cikin ruwa yana shara dama da hagu, kamar mai yankan ciyawa da lauje. Wancan kuwa tsinta yake yi ɗaya-ɗaya.

Ɗan Maamobi:
Kash! Malam, ja ce. Ja sosai. Ƙanena na nan kusa da ni, ya yi shiru.

Hajiyar Ashaiman:
Ɗana, kai da ka bar barci ka je ka ba laka silifas saboda tsuntsu, Allah ya ƙara lafiya. Amma ni abin da ke ci min rai tafkin ne kansa. Ina yarinya muna wucewa, ruwa ne da ciyayi iya ganinka. Yanzu gidaje sun ci gefensa, kwatoci suna zuba a ciki, leda ko'ina. Wai kuma tun 1992 aka sa shi cikin wuraren da ake karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta ƙasashen duniya kan kare tafkuna da fadamu. Tsuntsun da ya taso tun daga Turai ya zo ya sauka kan robar ruwa?

Malam na Sabon Zango:
Gaskiyarki Hajiya. Ɗan Maamobi, in da gaske kake, ka wuce Songor ta wajen Ada, inda ake haƙar gishiri, ko ka daure ka kai Keta, wanda ya fi duk tafkunan bakin tekun Gana girma. Can ya fi zama, yana son ruwan gishiri marar zurfi. Ka je kafin watan Maris ya ƙare, don daga nan baƙin suna fara komawa arewa. Ka tsaya rana tana bayanka, kuma ka sa takalmin roba mai tsawo.

Ɗan Maamobi:
Na gode Malam. Ada ta fi kusa, da ita zan fara ƙarshen wata in an biya albashi. Wa ke da madubi mai ido biyu ya ara min?