Direban ma'aikata ya ci mutuncin tsohuwa a gabana: in je gun masu gidansa?

Uwar 'yan biyu, Bukoki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana huɗu ke nan wani abu yana cina a rai. Ba fatawa nake nema ba, wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi nake so in ji ta bakinsa, ko shi ya kai ƙara, ko shi aka kai.

Ranar Alhamis da hantsi na fito daga Katako da cefane, ina tsaye ina jiran motar faba-faba. Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa da aya, sa'ar mahaifiyata, tana tsallaka titi da faranti a ka. Sai ga wata babbar farar mota irin ta ma'aikatu, da tambari a jikin ƙofa, ta taho a guje. Direban ya taka birki har tayoyi suka yi kuka. Allah ya kiyaye bai buge ta ba. Sai ya buɗe ƙofa ya fito, ya sa hannu ya ture farantin, gyaɗa ta watse cikin turɓaya, ya shiga zaginta ta uwa ta uba. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce: "Baiwa kawai, irinku kakana ke saye da awaki biyu." Tsohuwar nan ba ta ce uffan ba, ta duƙa tana tsintar gyaɗarta. Mun kai mu ashirin a wurin. Wani yaro mai baro ne kawai ya ce masa ya ji tsoron Allah.

Na rubuta lambar motar a bayan takardar cefane, kuma na san inda ma'aikatar take. Maigidana ya ce in fita batun, ba a taɓa abincin mutum, kuma wanda bai ji kunyar zagin tsohuwa a kasuwa ba, ba zai ji kunyar neman gidanmu ba. Ni kuma duk na rufe ido hannunta nake gani cikin ƙasa.

Tsohon direba, tashar Wadata

Hajiya, ni aka taɓa kaiwa, bari in ba ki nawa. Shekara 11 na yi ina jan bas tsakanin Yamai da Tawa. Wani azumi cikin zafin bazara, a Ƙonni, muka yi sa'insa da wata fasinja a kan buhunan albasa da ta ce sai an sa mata a ciki. Ta zagi uwata, na rama, na ƙara. Wani ya ɗauka da waya, amma bai fara ɗauka ba sai da na fara nawa. Kafin in iso Yamai abin ya riga ni zuwa wayar mai kamfani ta WhatsApp. Washegari aka karɓi makulli, aka ce babban laifi ne, babu wa'adi babu komai.

Wata tara na yi zaune. Na cire ɗiyata daga lakwal ta kuɗi, matata ta koma tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ban taɓa musanta zagin ba, na yi shi, kuma bai dace ba. Abin da har yau yake mini ciwo shi ne babu wanda ya kira ni ya ce, Malam, me ya haɗa ku? Da na je gun sufeton aiki ne ma na samu kuɗin hutuna da suka maƙale.

In za ki je, ki je da ƙafarki, ki faɗi duk abin da kika gani, har da cewa saura kaɗan ya buge ta, don mai tuƙi in ya tsorata hankalinsa gushewa yake. Ki roƙa a kira shi a ji ta bakinsa. Sai dai gaskiya ɗaya ce: ni a iya rikicina ban taɓa ture abincin tsohuwa ba. Tsoro ba ya sa wannan.

Malamar lakwal, Yantala

Ni na taɓa kaiwa, kuma ban yi nadama ba. Wani mai karɓar kuɗi a wani wurin biyan kuɗin wuta ya daka wa wani dattijo tsawa don bai iya faransanci ba, ya jefa masa takardarsa ƙasa. Na nemi shugabansu a take. Aka kira shi, ya ba dattijon haƙuri a gaban layi. Har yau yana nan a tagarsa, muna gaisawa.

Mai kula da ma'aikata, Filato

Yaya, aikina ke nan, takardu irin wadda kike tunanin kaiwa tebur ɗina suke sauka. Abu na farko da muke dubawa: da rigar wa ya yi? Mutum ya yi faɗa da maƙwabcinsa ranar Lahadi a unguwarsu, wannan ba hurumina ba ne, akwai mai unguwa, akwai 'yan sanda. An taɓa kawo mini hoton wata ma'aikaciyarmu tana rawa a wurin biki, wai in kore ta don ta zubar mana da mutunci. Na bincika, ashe kishiyarta ce ta turo. Amma mota mai tambarinmu, a lokacin aiki, wannan sunanmu ne ya ture farantin nan, kuma na fi son in ji daga bakin ganau kafin in gan shi yana yawo.

Mutane suna ɗauka kai ƙara da kora abu ɗaya ne. A wurin da ake bin dokar aiki ta 2012 ba haka ba ne. Ana fara ba mutum takarda ya yi bayani, sannan akwai gargaɗi, akwai dakatarwa ta 'yan kwanaki ba albashi, kora ita ce ta ƙarshe. Inda tsoron maigidanki yake da tushe shi ne, direbobi da masu gadi da yawa kwangilar ɗan lokaci gare su, wasu ma ta hannun wani kamfanin aka ɗauko su. Irinsu ba a korarsu, sai dai in wa'adi ya cika a ƙi sabunta musu, babu mai tambaya. Shi ya sa kalmar da za ki faɗa a bakin ƙofa take da nauyi. Wadda ta ce "na zo a ja masa kunne" da wadda ta ce "na zo a yi maganinsa", takardunsu ba hanya ɗaya suke bi ba.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki sa lambar motar ko hotonsa a Facebook. Dokar laifukan intanet ta 2019, tun gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta maido da ɗauri na shekara 1 zuwa 3 a kan zagi da ɓata suna ta waya. Mutane a ƙarƙashin rubutunki za su zage shi, su zagi ƙabilarsa, abin ya fita hannunki, ke da kika fito kare tsohuwa ki koma amsa tambayoyi.

Ba'adare, Bilbis, Tawa

Na karanta har sau uku kafin in iya rubutu. Duk kun tsaya a kan gyaɗar, ni kalmar ce ta hana ni sakat.

Ina da shekara 14, ranar kasuwa, wani ma'aikacin gwamnati da kowa ya sani a garinmu ya gaya wa innata irin wannan maganar a gaban jama'a, don ta ƙi sayar masa da tabarma a kuɗin da ya taya. Ya ce ta manta asalinta ne. Mutane suka yi dariya, wani ya ce ai wasa ne. Ba wasa ba ne. Mu nan ƙasar mun san wasan taubasai, Bagobiri da Bazabarme, Ba'are da Bafillace, kowa ya ce wa ɗan uwansa bawana a yi dariya a sha shayi, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2014. Amma a wasan nan wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Innata ba ta da shi. Ta naɗe tabarminta muka koma gida da rana tsaka, ba ta ci tuwo ba ranar. Kawuna ya so ya je gun shugaban mutumin, dattawa suka taru suka ce a rufa asiri, yana da iyali. Aka rufa. Shi ya ci gaba da hawa har ya yi ritaya da girmansa, ita kuma ba ta sake shimfiɗa tabarma a wannan layin ba har ta koma ga Allah.

Kullum in aka ce kada a taɓa abincin mutum, sai in tambaya, farantin da ya ture fa, ba abincin wani ba ne? Wanda yake da albashi shi ake tausayawa, wadda jarinta bai wuce jika biyu ba sai a ce ta yi haƙuri.

Kuma wannan kalmar a jiharmu ba tatsuniya ba ce. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996, a nan yankin Ƙonni. Sai 2003 doka ta mai da bauta laifi a Nijar, kuma sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya mata har kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke a watan Oktoban 2008 cewa ƙasa ta biya ta miliyan 10 na sefa. Akwai mutanen da har gobe ake hana su aure da limanci da gona saboda kalmar nan. Hajiya, ba na so a kore shi, wallahi ba na so. Ina so ne wani wanda yake jin tsoro ya zaunar da shi ya ce masa wannan bakin ba zai shiga motarmu da shi ba. Da an yi wa innata haka, da ya ishe ni.

Ɗan cirani, Amurka

A nan abin ya zama ruwan dare. A watan Mayun 2020 wata mata a New York ta kira wa wani baƙar fata 'yan sanda don ya ce ta ɗaure karenta, aka sa bidiyon, washegari kamfaninta ya sallame ta. Amma nan wanda aka kora yana iya komawa wani gari ya sake farawa. Ni na yi aiki da wani da aka kora irin haka, bayan wata biyu ya samu wani. A Yamai ina za ka je da ba a san ka ba?

Gwaggo, Talaje

Ni na kai, kuma na yi da na sani. Mai gadin wani kanti ya yi wa jikata maganar banza tana wucewa da hijabinta. Raina ya ɓaci, na je na ɗaga murya a gaban masu saye, a ranar aka sallame shi. Daga baya na ji matarsa na da tsohon ciki, kuma abin da yake ɗauka bai ma kai jika 42 ɗin da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Laifi ya yi shi. Amma da limamin masallacinsu na samu, ko na kira mai kantin gefe, da ya ji kunya kuma bai rasa aiki ba. Da zafin zuciya na je, ɗiyata. Ki bari taki ta huce tukun. Kuma tambaya ɗaya, tsohuwar da kike son tsaya wa, kin ji ta bakinta?

Uwar 'yan biyu, Bukoki

Gwaggo, tambayarki ta fi komai shiga ta, don ban ko yi tunaninta ba. Jiya na koma Katako na yi ta yawo har na same ta gindin wani dalbejiya. Na gaishe ta, na sayi gyaɗa, na gaya mata ina wurin ranar nan. Ta daɗe tana kallona. Ta ce ita ba za ta je ko'ina ba, kuma kada a ambaci inda take zama. Na ce to, Inna, ni in na je fa? Ta ce, "Ki je, amma ki ce musu ban ce a kore shi ba, 'ya'yansa ba su zage ni ba. Ki ce gyaɗata ta jika ɗaya da rabi ce."

Yau da safe na je, maigidana ya raka ni har ƙofa. Wata mata ta karɓe ni. Na faɗi komai yadda Baba direba ya ce, har da birkin, na maimaita kalmar yadda ta fito daga bakinsa, na isar da saƙon Inna. Ta rubuta, ta tambayi rana da lokaci, ta duba littafin fitar motoci, na ga fuskarta ta canza. Ta ce za a kira shi ya yi bayani, kuma ta karɓi lambar wayata.

Da zan fito ta buɗe jakarta ta miƙo mini jika biyar in kai wa tsohuwar. Na ce a'a, ba daga hannunta ya kamata su fito ba. Ta mayar, ta ce in saurari kiranta ranar Litinin.