Ɗanye ko tatacce? Sunan albashin da ke shiga aljihu

Jama'a, salamu alaikum. Kalma nake nema, kuma ɗan 'yar uwata ne ya jefa ni cikin neman.

Yaron ya samu aiki a Ingila. Da takardar ɗauka ta zo, sai ya turo hotonta a zauren WhatsApp na gida: fam 30,000 a shekara. Kafin la'asar an buga lissafi da naira, an raba gida goma sha biyu, har an ware kuɗin rufin ɗakin Hajiya. Na kira shi na ce, "Wannan dubu talatin ɗin, gross ne ko net?" Ya ce, "Kawu, ni na san bambancin. Yaya zan faɗa wa Hajiya da Hausa?" Na buɗe baki na rasa. Kalma ɗaya gare mu, albashi, ita ke ɗaukar kayan biyu: gross, albashi kafin a cire komai, da net, abin da ke shiga aljihu bayan an cire.

Ku fara ganin girman ramin da ke tsakaninsu. A Ingila fam 12,570 na farko ba a taɓa shi. Abin da ya haura nan har zuwa 50,270, ana cire kashi 20 cikin ɗari na haraji, sannan kashi 8 na inshorar ƙasa, wanda haka yake tun Afrilun 2024. To yaronmu fam 17,430 ne nasa da wuƙa za ta hau. Haraji ya ɗauki 3,486, inshora ta ɗauki kusan 1,394. Saura kamar 25,120. Wato a wata, 2,500 ɗin da gida suka lissafa ta koma 2,093, kuma in ya zauna cikin tsarin fansho na wurin aiki wani abu kusan fam ɗari zai ƙara tafiya. Duk wannan tun kafin kuɗin su taɓa asusunsa, don wanda ya ɗauke shi aikin ne ke cirewa ya miƙa wa hukumar haraji, HMRC. Ma'aikacin gwamnati a gida ya san wannan wuƙar, PAYE, wato harajin da ake cirewa kafin a biya albashi, da kashi 8 na fansho ba baƙi ba ne a takardar albashinsa. Wanda kuma aikinsa ya faɗo a Sikotilan kada ya ari lissafina, nasu matakan harajin daban ne.

Da na fara tambaya, an ba ni "ragowar albashi". Ban karɓa ba. Ragowa abin da aka ci aka bari ne a kwano, ba ka ce wa magidanci ragowa yake kawowa gida ba. "Kuɗin hannu" kuma ya riga ya zama na kuɗin da aka biya nan take. "Gundarin albashi" na da nauyi a baki, amma gwada shi ka gani: rabin masu ji za su ɗauka babban adadin ake nufi, rabi su ɗauka ƙaramin. Kalmar da ke raba kan masu ji ba ta yi aikin da muka ɗauke ta ba.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta manoma: dami da tsaba. Ka ɗauro dami niƙi-niƙi, a sussuke, a sheƙe, ƙaiƙayi ya bi iska, tsaba ta zauna a ƙwarya. Hoton ya dace ƙwarai. Matsalar ita ce "tsabar kuɗi" ta riga mu wurin. Ka ce "tsabar albashi", sai a zaci ba ta banki aka biya ka ba.

Ga abin da na tsaya a kai: ɗanyen albashi da tataccen albashi.

Duk mai sauraron labaran rediyo ya san ɗanyen mai da tataccen mai, ya san ganga ba ta fitowa daga matata yadda ta shiga. Wadda ba ta damu da labaran mai ba ta san tace gasara, ta san abin da ke tsayawa a rariya. Ba sai an yi wa kowa darasi ba. Kuma ba mu kaɗai muka ga abin haka ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke karanta takardar albashi da Faransanci suna ganin brut, kalmar da Faransawa ke kiran ɗanyen mai da ita. Na Sudan da Saudiyya suna jin safi, daga tushe ɗaya da misfa, wato matata. Kowanne ya riƙe rabi, mu sai mu haɗa.

Na san za a ce tatacce yabon 'yan iska ne, tataccen ɓarawo, tataccen maƙaryaci. Na ji. Wani abokina ma cewa ya yi a kira shi tatsattsen albashi, tunda gwamnati ta tatsa. Wannan na barin wa ranar da takardar albashin farko ta fito.

Amfanin kalmomin nan, ɗanye da tatacce, yana fitowa in ana gwada ƙasa da ƙasa. Saudiyya da Daular Larabawa ba sa cire harajin albashi, ɗanyen baƙon ma'aikaci kusan shi ne tataccensa. To wanda ya jera ɗanyen Landan da ɗanyen Riyad ya ce na Landan ya fi, ya auna buhun shinkafa mai ɓawo da gyararriya ne.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a ja tatacce ya rufe har abin da ake turowa gida. Hayar ɗaki, harajin gida na ƙaramar hukuma, wuta, gas na ɗumama ɗaki da kuɗin mota duk daga cikin tataccen suke fita. Abin da ya tsira bayan nan yana da sunansa tun kaka da kakanni, rara.

Jiya da daddare yaron ya gwada su a waya. Ya ce, "Hajiya, dubu talatin ɗin ɗanye ne, in an tace ashirin da biyar ne." Ba ta tambayi ma'ana ba. Cewa ta yi, "To a dakata da kiran kafinta, sai mun ga rarar."