Sitan ɗin fitila zai iya ɗaukar takardar bango mai faɗin mita 2.72?

Sabon_Situdiyo:

Assalamu alaikum, masu sana'a. Ina da sitan ɗin fitila guda biyu (ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora fitilar ɗaukar hoto a kai) da ba na amfani da su, kuma ina son rataye takardar bango irin ta naɗi, wadda ake sawa a bayan wanda ake ɗauka hoto, mai faɗin mita 2.72. Mai gida bai yarda a huda bango ko silin ba. Shin sitan ɗin za su iya ɗauka, ko dole sai an sayi na bango na musamman? Wace irin sanda zan gitta a sama, kuma yaya ake ɗaure ta? Ƙasan ɗakin tayil ne.

Gwani_Mai_Fitila:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Za su ɗauka, amma ya danganta da irinsu. Sabon naɗi na kamfanin Savage ko Colorama mai faɗin mita 2.72 da tsawon mita 11 yana kai wajen kilo 6. Ka haɗa da nauyin sanda, sai ka raba biyu: kowane sitan na ɗauke da kilo 4 ko fiye. Ƙananan sitan ɗin da ake haɗowa da lemar fitila yawanci kilo 2 zuwa 3 aka yi su domin ɗauka, don haka kada ka fara da su. Wanda gaɓarsa ta ƙasa take da kauri, ƙafafunsa suke buɗewa wajen mita guda, shi ne na wannan aiki. In kana da C-stand, wato sitan ɗin nan na ƙarfe mai nauyi, ya fi kowanne.

Sanda ita ce babbar magana. Naɗin yana kan bututun kwali ne mai ramin da ya ɗan wuce santimita 5, saboda haka sandar da kaurinta ya kusa cika ramin za ta matse, naɗin ba zai juya ba. Ka nemi bututun alminiyom mai kaurin milimita 38, naman jikinsa milimita 2, a yanke maka mita 3.1. Nauyinsa bai cika kilo 2 ba. Fayif ɗin ruwa na ƙarfe mai inci ɗaya ba ya lanƙwasa, sai dai a wannan tsawon ya haura kilo 7, ya fi takardar kanta nauyi. Fayif ɗin roba kuwa ka manta da shi. Yana lotsawa a tsakiya, sai kwalin ya koma yana zaune a bakinsa biyu kaɗai, bayan 'yan kwanaki shi ma ya tanƙware kamar ayaba. Daga nan duk takardar da ka sauke za ta fito da layukan yamutsi daga sama zuwa ƙasa, kuma ba su gyaruwa.

Ɗaurin sandar hanya biyu ne. Mai sauƙin ita ce Super Clamp, wato maƙalin ƙarfe na kamfanin Manfrotto, ko makamancinsa, ɗaya a kan kowane sitan, ya ciji sandar. Mai arha kuwa sai mai walda. Kan sitan ɗin fitila ƙarfe ne mai kaurin milimita 16, da ɗan zare a samansa mai rubu'in inci. A kowane ƙarshen bututun a huda ƙasa da milimita 17, sama da milimita 7, suna saitin juna a tsaye. Kan sitan zai shige ta ƙasa, zaren ya leƙo ta sama, ka sa washa da noti mai kunne. Ka lura sosai: wannan zare na inci ne, ba na milimita ba. Notin M6, wato mai zaren milimita 6, zai hau kamar ya dace, ya yi juyi ɗaya ko biyu, sannan ya cinye zaren. Ka tafi kasuwa da sitan ɗin a hannu a gwada. Sannan a ɗan ja hudar gefe ɗaya ta yi tsawo, domin in ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu wajen ɗagawa sandar ta sami wurin motsi, kada ta murɗe kan sitan.

Hajiya_Kamara:

Malam Gwani ya gama da sanda, bari in ƙara kan tsayuwar ƙafafu, domin faɗuwa ta nan take zuwa, ba ta nauyi ba.

Sanda mita 3.1, takarda 2.72, abin da ya rage kowane gefe bai kai santimita 20 ba. Ƙafafu uku kuma dole su sami wurin zama. Ka juya kowane sitan ta yadda ƙafa ɗaya za ta miƙe gaba sosai, tana bin gefen takardar da ke shimfiɗe a ƙasa. Sauran biyun su koma baya, ɗaya waje, ɗaya ta shige bayan takardar. Da haka babu ƙafar da za ta taka takarda ko ta fito a hoto, kuma ta gaban ita ke tare sitan ɗin lokacin da aka ja takarda ko wani ya yi tuntuɓe da ita. Jakar yashi mai kilo 7 a ƙafafun baya na kowanne. A rataye ta a jikin ƙarfen, ba a ajiye ta a ƙasa kusa da shi ba. Jakar da nauyinta ke kan tayil ba ta riƙe komai.

Wajen ɗagawa, a sa naɗin tun sitan ɗin na ƙasa, a daidai ƙirji. Mutum biyu, kowa da gefensa, a ɗaga tare. In kai kaɗai ne, kamar santimita 30 nan, ka ƙulle, ka zaga ka yi 30 can. Gaɓar sama ita ce mafi siranta, kada a zare ta gaba ɗaya. Tsawon da ake nema a samo shi daga masu kaurin. Mita 2.4 zuwa 2.6 ya ishi hoton mutum a tsaye.

Takardar ta sauko ta bayan naɗin, wato ta ɓangaren bango. Fuskar ciki, wadda ƙura ba ta taɓa ba, ita za ta kalli kamara, kuma lanƙwasar da takardar ta saba da ita a naɗe ita ce za ta ba ka wannan gangara mai laushi tsakanin bango da ƙasa. Da ka sauke abin da kake so, ka sa babban kilif mai sifirin a bakin naɗin ya kama kwali da takarda tare. Wanda ya manta da wannan, nauyin abin da ya sauka zai ja saura, mita 11 su zube a ƙasa cikin ƙiftawar ido.

Sabon_Situdiyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wani ya ce mini ba sai da doguwar sanda ba, a cusa guntun ƙarfe ta kowane baki kawai. Hakan na yi? Kuma tayil ɗin fa?

Gwani_Mai_Fitila:

Yana yi, amma ba a kan sitan ɗin fitila ba. Tsarin Expan na Manfrotto haka yake, ta baki biyu yake riƙe naɗi, sai dai ana ɗora shi ne a kan ƙugiyar da ke kafe a bango ko a Autopole, sandar nan da ke tokare ƙasa da silin. Wurin ba ya motsi. A kan sitan biyu kuwa, doguwar sandar ce ke haɗa su su zama abu ɗaya. Ka cire ta, kowanne ya karkata ciki, guntun ƙarfen ya zame daga kwalin. Autopole ɗin ma, tunda ba huda yake yi ba, zai raba ka da mai gida lafiya, amma sai silin na kankare. A kan silin na kwali ko na roba ɓula shi zai yi.

Hajiya_Kamara:

Tayil yana da ramukan tsakani, kuma tsinin takalmin mata yana huda takarda daidai nan. Ka shimfiɗa filawud mai santsi, irin mai mita 1.22 da 2.44, guda biyu, ka liƙe mahaɗarsu, takarda ta hau kai. Kafet ya fi tayil muni. Bakin takardar na gaba da gefuna a manne su da gaffer, wato salatif mai yadi da ba ya barin danƙo, ba salatif ɗin kwali ba, wanda ke yage takarda ya bar danƙo a ƙasa. A goge ƙasan takalmi kafin a hau. Inda ya yi datti a ɗora dogon katako a yanke da sabuwar reza. Almakashi na barin baki a karkace.

Mai hoto ya tsayar da mutum mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga takardar saboda inuwa, wato abin da za a shimfiɗa a ƙasa zai kai mita 3. A kashe fankar sama lokacin ɗauka, don iska na kaɗa takardar tana jijjiga sitan. Da damina takarda na shan laima ta yi tudu da kwari, kuma fitilar da ta haska ta daga gefe ita ke tona wannan. Shi ya sa in an tashi aiki ake naɗe ta tsaf, a sauke, a mayar cikin ledarta, a jingine ta a tsaye a kan guntun katako, nesa da bango mai danshi.