Switch ɗina ya faɗi a bakin kwata, allo ya mutu amma ƙara na fita

Ɗan Nima: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san kan Nintendo Switch, na'urar wasan bidiyo ta hannu, su taimaka mini. Jiya da yamma ina sauka daga trotro, motar haya, yaron mota na ta azalzala, jakata ta buɗe, gem ɗin ya zame ya bugi simintin bakin kwata da kusurwarsa. Allah ya sa bai shiga ruwa ba. Yanzu in na kunna ina jin ƙararsa, fanka ma tana juyawa, amma allon baƙi ƙirin. Joy-Con na hagu kuma, wato hannun sarrafa wasa da ake maƙalawa a gefe, ba ya kamawa, da an taɓa sai ya zame. Yayana ne ya aiko mini da shi daga Jamus, irin na farkon nan ne na 2017. Ba kuɗin gyara ne ya hana ni barci ba. Na yi nisa sosai a wasan Zelda, ga Pokémon, ga tsibirin da 'yar yayata ta gina a wasan Animal Crossing, kullum ta dawo makaranta shi take fara tambaya. Duk sun tafi ke nan? Na cire mimori kad na ɓoye, ko hakan ya isa?

Na Maamobi: Wa alaikumus salam. Kai dai ka kai shi Circle, wurin masu gyaran waya na Accra, gobe da safe a yi masa fomat. Wayata ta taɓa yin haka, fomat ɗaya ta dawo daidai.

Mai gyara a Tip Toe Lane: A'a, ƙanena, kada ka bari kowa ya yi masa fomat. Fomat ba ya gyara abin da siminti ya fasa, share maka abin da kake tsoron rasawa kawai zai yi.

Ka kwantar da hankalinka tukuna. Babu faifai mai juyawa a cikin Switch irin na tsofaffin kwamfutoci da in sun faɗi sai a yi salati. Ma'ajiyarsa ɗan guntun cip ne mai gigabait 32, faɗuwa ba ta goge abin da ke cikinsa sai in bod ɗin, wato farantin lantarkin da ke cikinsa, shi ne ya tsage. Tunda yana tashi har yana ƙara, alama ce bod na da rai.

Sai dai kad ɗin da ka ɓoye ba shi ne maganin ba. Switch ba ya ajiye inda ka kai a wasa a kan mimori kad, ba ya ma yarda a kwafa zuwa can. Abin da ke kad ɗin wasannin da ka sauke ne da hotuna da bidiyon da ka ɗauka. Wasannin kuwa ko sun ɓace za ka sake sauke su da akawun ɗinka ba tare da ka biya ko kobo ba. Ajiyar wasanka tana cikin gem ɗin kansa, kuma a kulle take da makullin da na wannan gem ɗin ne kaɗai, ko an ciro cip ɗin an sa a wani ba zai karanta ba. Shi ya sa duk wanda ya ce maka “a canza bod” ka karɓi kayanka ka yi gaba.

Yau da dare ka yi abu biyu. Ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 12 ko fiye har ya mutu gaba ɗaya, ka sake kunnawa. In bai kawo ba, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska allon da tocilan waya daga gefe, ka ƙura ido. In ka ga hoto dishi-dishi, to hasken baya ne ya ɗauke, sau da yawa 'yar siririyar wayarsa ce ta goce daga mazauninta. Na biyu, ka ɗora shi a mazauninsa na talabijin da cajarsa ta asali. In hoto ya fito a talabijin ka yi hamdala.

Na Maamobi: To ni da waya na sani. Ba shi da fomat ɗin ne kwata-kwata?

Mai gyara a Tip Toe Lane: Yana da shi, har ma akwai wanda ba ya taɓa ajiyar wasa, in an shiga ta danne maɓallan ƙara da rage murya tare da na kunnawa. Amma wa zai zaɓi layin da ya dace a allon da ba a gani?

Hajiya ta Sabon Zongo: Ikon Allah. Ni na ɗauka takardun gida ne suka ɓace. Yaro, wasa ne fa. Amma dai na san halin 'yan jikoki, nawa ya yi kwana biyu bai ci abinci ba don an goge masa wani abu a waya. Allah ya sa a dace. Kuma ka sayi jaka mai zif.

Ɗalibar Legon: Yaya, in ya kawo a talabijin kada ka tsaya buga wasa, ka fara da ajiya. Ka shiga Nintendo Switch Online, tsarin intanet na kamfanin da ake biya, kusan dala 20 ne a shekara a akawun ɗin Amurka, kuma akwai gwajin kwana 7 kyauta in ba ka taɓa yi ba. Da shi za ka tura ajiyar Zelda zuwa intanet. Ko kuɗinka ya ƙare suna riƙe ta kwana 180 kafin ka sabunta.

Animal Crossing hanyarsa daban ce, ba ya bin sahun sauran. Sai ka buɗe wasan, a shafin farko ka danna maɓallin alamar ragewa, ka kunna ajiyar tsibiri daga nan. Mutane da yawa sun biya kuɗi sun zaci an ajiye musu tsibiri, ashe ba su kunna ba. Pokémon kuwa ba ya hawa intanet sam. Hanyarsa ita ce a ajiye Switch biyu kusa da juna a tura daga wannan zuwa wancan, kuma in ka tura ya bar naka ke nan, ba kwafi ba ne. Ni ba zan ba ka shawarar ka tura wa aboki ba sai wanda ka yarda da shi ƙwarai.

Kad ɗin ma kada ka gwada shi a Switch ɗin wani, zai nemi ya share abin da ke ciki. A kwamfuta za ka sa shi ka kwashe hotunan.

Mai gyara a Tip Toe Lane: Ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: ka shafa bayansa. In ka ji ya kumbura, ko yana zafi ba gaira ba dalili, ko wani wari mai zaƙi-zaƙi na fita, batirin ya ji ciwo, kada ka sa shi caji, kada ka kwana da shi kusa da katifa.

Ɗan Nima: Alhamdu lillahi! An ɗauke wuta da magariba, sai bayan isha aka kawo. Na ɗora shi, hoto ya fito a talabijin tas, komai na nan, har tsibirin. Yarinyar tsalle take ta yi. Na haska da tocila kuma na ga hoton dishi-dishi kamar yadda mai gyara ya ce. Bayansa lafiya lau. Zelda da tsibirin sun hau intanet. Saura Pokémon, ban da wanda zan tura wa. In kawo shi haka? Kuma Joy-Con ɗin fa, sai sabo?

Mai gyara a Tip Toe Lane: Madalla. Joy-Con ba sai sabo ba, ɗan ƙugiyar roba ce a ciki ta gutsure, ana canza ta, akwai ma ta ƙarfe. Ka kai shi haka, gyaran hasken allo ba ya taɓa ma'ajiya. Ko wurina ko wurin wani, ka tabbata yana da sukudireba mai baki uku, don kusoshin bayansa ba irin na waya ba ne, na ga waɗanda aka cinye musu kai da sukudireban da bai dace ba. Ka ce a cire wayar batir kafin a taɓa komai, ka zauna a yi a gabanka, kuma ku gama ciniki kafin a kwance kusa ta farko. Ka zo kafin azahar, da la'asar layin ba wurin tsayawa.