Santsin randa ya haɗa faɗa a zaure

Mai shago: Jama'a, na gaji da ƙazantar ƴan garuwar Tahoua. Ran Juma'a aka wanke randa, yau na sa hannu ciki, santsi kamar miyar kuɓewa. Ruwan mi suke saida muna?

Ɗan Ader: Alhaji, janye kalmar ƙazanta. Da garuwa mahaifina ya aurar da mu. A pampo suke ɗiba, gaban kowa.

Malamin lakkol: Ba lallai laifin mai ruwa ba ne. Ko ruwan pampo garai-garai ba ya rasa bakteriya. In ruwa ya kwana sai su manne a jikin randa, su fitar da wani yauƙi na sukari da furotin su lulluɓe kansu. Har sinadari suke sakar wa juna, da shi suke gane sun yi yawa. Cikin yauƙin nan ba sa bushewa, abinci na maƙale musu, ruwan Javel ma da ƙyar yake ratsawa. Ɗauraya ba ta fid da shi, sai an dirje da soso.

Hajiya: To wa ke wanke randa? Ashe ƙazantar daga cikin gida take.

Mai shago: Hajiya, kar ki sako iyalina a ciki.

Hajiya: Kai ka sako uban wani ai.

Ɗaliba a Yamai: Amma bidon ɗin ƴan garuwar fa? Bakinsa ƙarami, hannu ba ya shiga. Yaushe aka taɓa dirje cikinsa? Na leƙa wani, har kore ya yi.

Ɗan Ader: Ga ƴan Yamai sun iso. Kwana nawa da barin shan ruwan tulu, ƙanwata?

Malamin lakkol: Koren gansakuka ce, ita sai da haske. Yauƙin kuwa ko a duhu yana yi. Irinsa ne ke taruwa a haƙori in an tashi barci. A 1683 wani ɗan Holan, Leeuwenhoek, ya kankaro na bakinsa, ya duba da gilashin da ya haɗa, ya ga halittu na motsi.

Tela: Wato mu ma ƙazamai ne? Nasaran ne bai san asuwaki ba.

Hajiya: Asuwakin da ka bari a aljihu tun Sallah?

Tela: Inna, ɗinkinki na nan, ki biya ki ɗauka.

Mai shago: Ni dai ba wanda ya ba ni amsa.

Admin: Na rufe maganar. An tabbatar ƴan garuwa ba su da laifi ko kaɗan, Malam ma ya faɗa. Alhaji ya nemi gafarar Ɗan Ader. Mata a riƙa dirje randa.

Ɗaliba a Yamai: Malam "ba lallai" ya ce. Kuma bidon?

Tela: Admin kurar ruwa uku gare shi a gari, ki bar shi.