Wasan ranki daga Jos: wane salo ne ke jure baƙi, wanne ne sai da naka?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu haɗa abin da kowa ya gani da idonsa game da wasan ranki, wato gem na intanet da ake tara maki ana hawa mataki-mataki, musamman idan mutum ya shiga da waɗanda bai sani ba. Mu huɗu ne muke buga PUBG Mobile a unguwa, to ɗayanmu ya samu aiki a Abuja, ba ya tashi sai dare ya yi nisa, don haka yanzu gem ɗin ne ke zaɓo mana cikon na huɗu. Wata rana Allah ya haɗa mu da mutumin kirki. Wata rana kuma a ba mu wanda zai diro Pochinki, garin nan na taswira da ake yawan cunkushewa, shi kaɗai, a kashe shi tun bai samu hular kwano ba, ya fice ya bar mu mu uku cikin mutum 100. A Crown muke, ɗaya daga cikin manyan matakan ranki, kuma duk wanda ya kai nan ya san mutuwar wuri tana cinye makin da aka sha wahala aka tara. Ba ƙorafi kaɗai nake son ji ba. Kowa ya faɗi salon da yake bugawa, yadda dokarsa take, da yadda ta kaya masa da baƙi.

Na Rikkos:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni Free Fire nake bugawa, domin ita wayata ke ɗauka ba tare da ta riƙa tsayawa ba. Kuma a cikinta ma na bar na mutum 50 ɗin nan na taswirar Bermuda, na koma Clash Squad. Huɗu da huɗu ne, fili ƙarami, waɗanda suka fara cin zagaye huɗu su ne da wasa. Kafin kowane zagaye ana ba ka 'yan daƙiƙu ka sayi makami da kuɗin da ka samu a zagayen baya. A nan ake gane baƙon da zai taimake ka da wanda zai jefa ka rami. Wanda ya san wasa yana rage kuɗin Gloo Wall, bangon nan da ake jefawa a laɓe, saboda in an kayar da ɗan'uwansa ya samu abin da zai kare shi ya tashe shi. Wanda bai damu da kowa ba kuwa, babbar bindiga kawai zai saya ya ruga gaba.

Akwai daren da aka haɗa ni da mutum uku, biyu suna Faransanci, ɗaya shiru. An ci mu zagaye uku a jere, saura ɗaya a sallame mu. Sai aka kayar da ni a bayan wata kwantena, ina rarrafe, kawai na ji mai shirun nan ya ce: "Kada ka motsa, ga ni nan tahe." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ya jefa bango biyu, ya tashe ni, muka ci wannan zagayen. Wasan dai a ƙarshe su suka ci, amma na samu aboki. Ɗan Maraɗi ne, kuma har yau in zan hau ranki shi nake fara nema. Shawarata, duk baƙon da ya tashe ka sau ɗaya alhali zai iya gudu, ka tura masa neman abota tun kafin allon sakamako ya rufe.

Anti Z:
Bari in kawo wani ɓangare da maza ba su cika gani ba. Call of Duty Mobile nake bugawa tun ba a daɗe da fitowarta ba a 2019, kuma salon da na fi so shi ne Search and Destroy. Biyar da biyar ne. Ɓangare ɗaya na ƙoƙarin dasa bam a wuri A ko B, ɗaya ɓangaren na tsarewa, daga baya a yi musanya. Rai ɗaya gare ka a kowane zagaye. In ka mutu sai dai ka zauna kallo. Saboda haka magana ita ce rabin wasan. In na ji takun mutum biyu sun nufi B a taswirar Standoff, dole in faɗa a take, ba lokacin danna alama a taswira.

To ni da zarar na buɗe baki aka ji muryar mace, wasa ya canza. Wani ya fara neman lambar waya, wani ya ce me mace take yi a nan, wani kuma in an ci mu ni ce sanadi ko da na fi shi kisa. Akwai wanda ya bar tsaron wurinsa ya riƙa bina a baya yana surutu har aka dasa bam ba wanda ya ankara. Abin yana min ciwo sosai, domin na san taswirorin nan kamar tafin hannuna, na san inda maharbin nesa yake laɓewa a Crash, amma sai in zaɓi tsakanin in yi shiru mu faɗi ko in yi magana a wulaƙanta ni. Ban kai Legendary, matakin ƙoli na ranki, ba sai da ƙanena da abokansa biyu na makaranta suka zama tawagata. Mutum ɗaya kawai gem ke cika mana, kuma in ya fara rashin kunya mu huɗu muke rufe muryarsa mu kai ƙararsa.

Mai Waya, Farin Gada:
Ni aikina haɗa intanet a ofisoshi, don haka bari in yi magana a kan abin da ke sa mu zargi baƙo alhali wani lokaci ba laifinsa ba ne. Lambar nan da ke canza launi a kusurwar allo, fing, lokacin da saƙonka ke ɗauka ne ya je kwamfutar da ke riƙe da wasan ya dawo, ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin igiyar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Igiyar MainOne da ta taso daga Fotugal ta sauka Legas a 2010 tsawonta wajen kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa 14,000 ke nan, wato fing 70 ya riga ya tafi a cikin teku kawai, ba a sa tafiyar Jos zuwa Legas ba, ba a sa eriyar unguwarku da ke cika da mutane bayan isha'i ba. Shi ya sa in aka jefa ka wasan da ake riƙewa a Turai za ka ga ka shige bayan bango amma harsashi ya same ka. A allonka ka ɓuya, a wurin kwamfutar wasan kana fili tukuna.

Masu tuna ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da igiyoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, sun san abin da nake faɗi. Na shiga ranki a daren, mutumina yana tafiya yana komawa baya, 'yan tawagata suna ta zagina da harshen da ban sani ba. A wurinsu ni ne baƙon banza na wannan daren.

Abin da na lura da shi: salon da ake farfaɗowa bayan mutuwa ya fi yafiya. A Hardpoint na Call of Duty wurin da ake ƙwata yana ƙaura duk bayan minti ɗaya, in netwok ya yaudare ka ka mutu, ka dawo ka riga su zuwa wuri na gaba, ka biya bashinka. Haka Domination, ko na mutum huɗu-huɗu a Warehouse na PUBG da ake tseren kai kisa 40. Amma salon rai ɗaya ba ya jure mugun fing ko kaɗan. In lambar ta yi ja, ni ba na taɓa Search and Destroy, don hakkin mutum huɗu ne a wuyana.

Game da maki kuwa, asalin tunanin daga wasan dara na Turawa ne, ces. Wani masanin kimiyya, Arpad Elo, ya tsara lissafin da hukumar ces ta duniya ta karɓa a 1970: in ka ci wanda ya fi ka, makinka ya yi tsalle, in wanda bai kai ka ba ya ci ka, ka zubar da yawa. Kowane kamfanin gem da irin nasa lissafin yanzu, amma an gina na asalin ne don mutum ɗaya da mutum ɗaya. Da aka ɗora irinsa a kan tawaga, sai ya zama kuskuren wani a jikinka yake fita.

Baba Mai Shago, Bauchi Road:
'Ya'yana, ni tun zamanin PlayStation 2 nake riƙe da shagon gem, lokacin da Winning Eleven ce sarauniyar gem ɗin ƙwallo. Dokar shagona ba ta canza ba: wanda aka ci ya biya ya tashi, wanda ya ci ya zauna. Na ga PES ta koma eFootball a 2021, na ga FIFA ta koma FC a 2023, yaran kuma duk sun koma hawa rukuni-rukuni a intanet daga na 10 zuwa na 1. Ban ƙi ba, nima ina taɓawa in shago ya yi sauƙi. Amma abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum ka zura masa uku kafin hutun rabin lokaci sai ya kashe datarsa ya ɓace. A shagona ba ka isa ba. Wanda ya ci ka yana gefenka a benci ɗaya, gwiwarku na gugar juna, mutum goma na tsaye a bayanku. Dole ka ƙarasa minti 90 ɗinka, ka miƙa masa hannu, ka ba na gaba abin bugawa. Na ga yara masu zafin zuciya da benci ɗin nan ya gyara.

Abu biyu na hana, kuma a kansu na rasa kwastomomi ban damu ba. Ba a sa kuɗi a kan wasa a shagona, don daga naira ɗari ake farawa a ƙare da jinginar da waya, kuma caca ce ko da wane suna aka kira ta. Na biyu, in an kira sallah ina kashe talabijin ko fanareti ake bugawa. Ku masu ranki a waya ba mai kashe muku, sai ku duba agogo kafin ku danna shiga.

Ace na Dilimi:
Ɗan Gangare, abokina, maganinka na hannunka. Cire alamar da ke sa gem ya cika muku tawaga, ku shiga ku uku. Mun yi haka kaka guda cur muka fita daga Crown. Mutum uku da suka san juna sun fi huɗu da ɗaya ke janyo muku hankalin abokan gaba da harbin banza. Ku bar Pochinki da School, ku sauka gefen taswira, ku nemi mota tun da wuri, ku riƙa shiga da'irar nan da ke matse filin wasa ta gefenta. A ranki daɗewa da rai yana ba da maki sosai, ba kisa kaɗai ba. Conqueror dai, matakin ƙoli, mutum 500 na saman kowane yanki ake ba wa, kuma masu kai wa can kusan duk da tsayayyar tawaga suke.

Sannan mu 'yan Jos muna da wata riba da ba ma lissafawa. Sanyin Disamba da Janairu yana hana waya zafi, ba ta rage gudu a da'irar ƙarshe kamar yadda 'yan'uwanmu na Abuja ke kuka a watan Maris. Yatsu ne dai ke ƙagewa, ni sai na ɗumama hannu a kofin shayi kafin jirgi ya tashi. Anti Z kuma, ki yi haƙuri, amma ina ganin ki rufe makirfon kawai ki huta, alamomin taswira sun isa.

Maman Biyu, Bukuru:
Ni ba na bugawa, ɗana ne. Mun daɗe muna rigima saboda in na aike shi sai ya ce "Mama, ba a tsayar da shi." Na ɗauka raini ne, har ranar da na zauna kusa da shi na ji muryoyin yara uku suna kiran sunansa yana amsawa. Ya nuna min cewa in ya fita, su ma makinsu zai zube, shi kuma a hukunta shi. Yanzu mun yi yarjejeniya: kafin ya shiga zai tambaye ni ko akwai aike. In magariba ta kusa, gajeren nan na huɗu da huɗu kawai zai yi, ba dogon da ke cin rabin awa ba. Abin da har yanzu ban natsu da shi ba shi ne bakin wasu manya da ake haɗa su da shi. Shekararsa 13, na ji zagin da wani ya yi masa da ko a tasha ban taɓa ji ba.

Anti Z:
Mama, ki sa ya shiga wajen saitin murya ya mayar da ita ta tawagar abokansa kaɗai, kuma ya riƙa shiga da yaran nan uku da kika ji, tun da huɗu ake buƙata sun cika ke nan, ba gurbin baƙo. Ace na Dilimi kuma, ƙanena, na gode da kulawa amma ban yarda ba. A PUBG kana da minti ashirin kana tafiya a mota, alama ta ishe ka. A Search and Destroy bam na ƙirga daƙiƙu, kafin in ɗaga yatsa daga harbi in danna taswira an gama da mu. Kai da kanka ka ce masu kai wa sama da tawaga suke kai wa, to tawaga da baki take aiki. In kana cikin wasa ka ji ana yi wa mace ko yaro irin wannan, kai ne za ka ce wa mutumin ya bari, ka kai ƙararsa bayan wasa. Sau ɗaya wani baƙo ya taɓa yi min haka, ya ce da Turancin Buroka a ƙyale ni in faɗi inda suke, kuma zagayen nan ni na kwance bam ɗin.